Fensir Ba Ya Tsoron Ruwa

Tun asuba sama ta ɗaure fuska a Espoo,
hadari ya kwanta kan rufin gidaje kamar jiƙaƙƙen bargo.
Na ce mu fasa. Onerva ta riga ta sa takalman roba,
ta cusa waya cikin ledar burodi, ta ƙulle baki,
ta ce, "Mama, akwatin da ke ɓoye cikin daji,
ina ruwansa da ruwa?"

Baba Veikko ya biyo mu, abin da bai taɓa yi ba.
Shekara talatin yana tuƙa bas a Helsinki,
dajin Nuuksio bai san shi ba sai ta gilashi.
Sanda a dama, fulas ɗin kofi a hagu,
yana taka saiwoyi kamar mai taka ƙwai,
bakinsa gum, ba ya kallon kowa.

Na farko ya zo da sauƙi:
gwangwanin alewa a kogon itace,
ciki da jan maɓalli, da kwaɗon roba mai ƙafa uku.
Onerva ta ɗauki kwaɗon, ta ajiye zoben gashinta,
don ƙa'idar wasan ke nan:
ka ɗauka, ka bar wa mai zuwa.

Na biyu ya ba mu kashi.
Kibiyar waya ta ce taku bakwai gaba, muka yi bakwai,
ta ce a'a, goma baya, ta yi ta juyi kamar mai jiri.
Na durƙusa cikin gansakuka har gwiwa ta yi sanyi,
na zura hannu a rami, na fito da dodon koɗi.
Wani ya wuce da karensa, muka sunkuya
kamar masu ɗaura igiyar takalmi,
alhali takalmanmu ba su da igiya.
Muka haƙura. Mai ajiyar nan,
ko wane ne, ya iya ɓoyewa.

Na uku yana bakin tafki,
inda gadar katako take santsi kamar sabulu.
Ruwa ya ƙaru, ya shiga wuya, ya gangara baya.
Baba ya dinga zungurar ƙasan gada da sanda,
laka, laka, dutse, laka,
sai ƙwas!
Robar abinci ce, murfi shuɗi,
da ɗan littafi da ya kumbura ya sha raɓa.
Biro ya ƙi ci.
Amma an ɗaure guntun fensir da zare,
shi kuwa ba ya gudun danshi, ba ya gajiyawa.

Onerva ta yi ta buɗe shafuka baya-baya,
sunayen baƙi, ranaku, zanen rana mai dariya,
sai ta tsaya.
Rubutun nan na san shi.
Shi ne a jikin kwalaben zuma da ke ɗakin ajiyarmu,
masu shekara shida, da muka kasa buɗewa.

"Aulikki. Sha ɗaya ga Oktoba.
Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na samu!
Veikko yana mota yana jin rediyo,
shi ya yi asara."

Baba ya cire tabarau, ya goge da jiƙaƙƙen hannun riga,
ya ƙara ɓata su.
Ya yi dariya, dariyar ta koma tari,
tarin ya koma abin da ban sa masa suna ba.
Ya karɓi fensir, ya dafa littafin a cinya,
hannunsa yana rawa.

"Veikko," ya rubuta. "Na fito daga mota."

Muka rufe murfi har ya ce ƙas,
muka mayar, muka lulluɓe da ganye yadda muka tarar.
Kofin ya huce, haka muka sha shi a tsaye.
Kwaɗo mai ƙafa uku na leƙe daga aljihu,
Baba na gaba, mu na baya,
bai ko tambayi ina hanyar mota ba,
ya ce, "Saura nawa?"
Har yanzu ana ruwa.