Rabin Kwabo

Shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙu a Thurlcote.
Na san ƙofar da ke kuka, na san karen da ke cizo.
Da na ajiye jaka, ƙafa ta ƙi zama,
sai na sayi sandar nan mai faifai a baki,
mai jin numfashin ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa.

Hedley Marwood ya bar mini gonarsa bayan girbin sha'ir.
Ya ce, "Duk abin da ka tono, raba daidai.
Amma ka cike ramukanka,
tumakina ba su da ido a kofato."

Ranar farko, ƙusa.
Ƙusa, murfin gwangwani,
kwanson harsashin da ya kuskure zomo,
ƙusa kuma.
Mai haƙuri, in ji masu magana, yakan dafa dutse.
Ni dai laka na kwaso a gwiwa na kai gida.

Amma da la'asar sakaliya,
idan rana ta jingina da hasumiyar coci,
makiyayar da ke gefe takan tona asirin kanta:
kunya-kunya dogaye, a lanƙwashe kamar haƙarƙari,
inda shanun huɗa suka sha juyawa
shekara ɗari bakwai baya.
Nan lungu ne. Nan daɓen ɗaki.
Wancan kwarin, tafkin kifi.
Gari guda ya kwanta, ciyawa ta ja masa mayafi.
Wasu sun ce annoba ce,
wasu sun ce mai ƙasar ne ya lissafa
ya ga tunkiya ta fi talaka riba.
Ba wanda ya bar adireshi.

A kaka ta biyu ƙasa ta fara sakin baki.
Ta ba ni gululun mazari na dalma,
ramin tsakiyarsa ya sha hannu har ya yi sulɓi.
Wace ce ke? Zaren wa kika kaɗa,
kuma ya rayu har ya sa rigar?
Ta ba ni ƙugiyar ɗamara, harshenta a karye,
da ɗan makulli wanda ƙofarsa ta zama toka
tun kakan kakana bai zo duniya ba.

Sai wata Talata a Nuwamba,
yayyafi mai shiga ƙashi,
na'urar ta yi wata siririyar ƙara,
irin ta mai kunyar sallama.
Na durƙusa. Taƙi ɗaya na haƙa.
Azurfa, ba ta kai farcen babban yatsa ba,
an datse ta tsaf a tsakiya:
rabin fuskar sarki, ido ɗaya, rabin kambi.

Tamsin Orrell ta gidan tarihi
ta ɗora shi a ma'auni, ta rubuta lamba.
Ta ce, "Haka suke yi in babu canji.
Kwabo guda, a sa almakashi.
Wannan kuɗin burodi ne, ko ƙwai kaɗan."
Na ce, "Ɗaya rabin fa?"
Ta yi murmushi ba ta ɗago ba.

Na kai wa Hedley a tafin hannu.
Ya juya shi da yatsa mai kaushi, ya daɗe.
"Wannan an riga an raba," ya ce.
"Riƙe abinka."

Yanzu yana kan taga, cikin kofin Rosalind,
wanda ba a sha shayi a ciki ba
tun hunturun da ya wuce da ita.
Da dare nakan kwanta a ɓangarena na gado,
ban taɓa ƙetara tsakiya ba.

Gobe in ruwa ya tsagaita
zan koma bakin shingen ƙaya.
Ba nema nake ba, na san nisan shekara ɗari bakwai.
Sabo ne kawai na tsohon ɗan gidan waya:
abin da aka aiko, sai an kai.