Inda Allura Ke Tsalle

Asabar, da ruwan safe ya ɗauke,
na hau bas ɗin titin Magazine zuwa kantin Thaddeus.
Wurin na warin kwali da kwanannen kofi.
Ya san ni, ba ya tambaya.
Yatsuna ke tafiya cikin akwatuna,
buluz a hagu, sol a dama,
kantiri can ƙasa, sai an durƙusa,
gwiwa kuwa ta daina yafe mini.

Dala talatin da biyu, sabon bugu.
A saba'in da ɗaya huɗu na biya,
har da canjin alawar Odile.

Na farkon ruwa ya ci.
Faifai ɗari uku da sha ɗaya,
shekarar da tafki ya shigo New Orleans ba sallama,
ya hau matakala, ya kwana uku-uku a falonmu har mako uku.
Da muka dawo kwalayen sun zama kunu,
fuskokin mawaƙa sun narke, sun manne da juna.
Odile ta ɗaga ɗaya, laka na ɗiga,
ta ce, "Alcide, bar su. Mu dai muna nan."
Ta ƙara shekara tara tana nan.

Yanzu ɗaya-ɗaya nake tsinta, kamar kaza da tsaba.
Ina da littafi, ina jan layi.
Tamanin da shida. Da sauran tafiya,
fansho kuma ba ya sauri.

Jikata Renelle dariya take mini:
"Kaka, duk suna cikin wayata, kyauta."
Na ce to, miƙo ɗaya in riƙe,
in hure masa ƙura, in juya bayansa
in ga wa ya busa ƙaho.
Ta ce na cika rigima. Da gaskiyarta.

Na yau mai shuɗin kwali ne,
matar nan mai murya kamar tsakuwa a cikin zuma.
Namu na da yana da tabo a waƙa ta uku.
Aikin Odile ne, daren da muka tare,
tana rawa ba takalmi, ƙugunta ya bugi teburi,
allura ta ja ƙafa, ta bar zane.
Tun ran nan, in mawaƙiyar ta kai
"in ka tafi, ni kuwa zan..."
sai ƙyas, ta tsallake, ta faɗa cikin ƙaho.
Shekara talatin da huɗu ba mu ji ƙarshen zancen ba.
Odile ke cike mata daga kicin:
zan sayar da motarka,
zan auri mai gidan burodi,
zan yi barci har rana tsaka.
Kullum da sabon hukunci.

Na tsaga leda da farce.
Baƙi wuluk, da nauyi a hannu,
haske na zagaya tsaginsa.
Na ɗora, na sauke allura,
na zauna a kujerar da ba tawa ba.
Waƙa ta ɗaya. Ta biyu.
Kafaɗata ta riga ta ɗaga,
irin ta direban da ya san ramin da ke gaba.

Ba ta yi tsalle ba.
Ta wuce sumul,
matar ta ƙarasa abinta:
"zan bar maka fitila."

Shi ke nan? Fitila?
Ai mai gidan burodi ya fi daɗi.

Na tashi na ɗage allura.
Na kalli teburin, na kalli ƙuguna,
na tuna dala talatin da biyu.
Na bar shi lafiya.

Duhu ya yi, wani jirgi na kuka a kogi.
Na juya faifan.
Kafin in zauna na leƙa baranda
don in kunna ta waje.
A kunne na same ta, tun jiya.