Ruwan Wasu Garuruwa

Ƙarfe uku na dare a Garin Malam,
ina tsugune gaban famfo, ina jira ya yi tari.
Jarkoki shida a jere, baki buɗe kamar ƴan tsaki.
Shekara tara ba na nan,
famfon bai sake hali ba.

Na fita da basilla, da wuƙar dukanci,
da jar fata huɗu daga majema.
A Tamanrasat na gane ƙishirwa ma tana da yare:
na ce ruwa, wani ya ce aman, wani ya ce ma,
mai tanki ya ce dinari.

A Kazablanka na ga teku.
Na yi ta kallo har magariba ta kusa kuɓuce mini.
Ruwa har inda ido ya gaji,
kurɓi ɗaya ba ya wuce maƙogwaro.
Na ce, ga mai arziki marowaci.
Lalla Zuhur, tsohuwar da ta ba ni hayar ɗaki,
duk Juma'a sai ta hauro da kuskus,
ta tsaya a kaina tana cewa kul, kul!
Mu a gida kul hani ne,
sai in janye hannu daga kwano.
Juma'a uku tana zaton na raina girkinta,
ni ina zaton gwada ni take yi.

A Liyon koguna biyu ke ratsa gari,
ba mai ɗiba, ba mai wanki, ba saniya a bakinsu.
Mutane na gudu a gefe da gajeren wando,
ba abin da ya koro su.
Na yi ɗinkin jaka a shagon dattijo Agob,
ya ce hannuna na da kyau, sai dai ina hira da fata.
Na tare maƙwabcina a matakala:
ina kwana, ina gajiya, ina iyali?
Ya dubi agogo, ya ce me nake nema.
Daga ranar na ɗora gaisuwata kan katako,
na yanke ta, na bar ƙyalle ɗaya:
bonjur.

Amma da zazzaɓi ya kayar da ni cikin sanyi,
shi dai wannan Tiyeri ya ƙwanƙwasa,
ya ajiye romo a bakin ƙofa,
ya sauka bai ce uffan ba.
Har yau ban san sunan da zan ba wannan gaisuwa ba.

A can ma sai na cika bokiti nake kwanciya.
Mai gidan ta yi dariya, ta ce nan ba a ɗauke ruwa.
Na ce na sani.
Na ci gaba da cikawa.

Ranar da motar Yamai ta wuce Takeita,
duwatsun Damagaram suka fito a kwance kamar shanun da suka ƙoshi.
Gwaggo Barira ta miƙo mini moɗa,
ruwan randa, da ɗanɗanon ƙasa a ƙarshensa.
Ta ce ina hanya, ina gajiya, ya ka baro mutanen can?
Na ce lafiya lau, na yi shiru.
Ta daɗe tana dubana.
Lawali, wa ya cinye maka sauran gaisuwar?

Yanzu a Kasuwar Dole ɗan Faransa suke kirana.
Can kuwa in na ce Nijar sai su ce, a'a, Najeriya dai?
Ina zuwa ɗaurin aure kan lokaci,
in tarar ko tabarma ba a shimfiɗa ba,
in zauna ni da awaki.

Ga shi, ya yi tari.
Ya tofo iska, ya tofo tsatsa, sannan siririn zare.
Ilu ga-ruwa ya leƙo ta katanga: ya zo?
Na ce ya zo.
Har ya juya, na kira shi,
na ɗauko ta daga farko:
ina kwana, Ilu, ina gajiya,
ina yara, ina ƙafar nan taka da ta kumbura bara?
Yana amsawa, ina ƙarawa,
ido ɗaya a kansa,
ɗaya a bakin jarka.