Zoɓo a Tulun Baya

Ni ne Sallau, mai farar a-kori-kura,
wadda ƙofarta ke ɗaure da waya.
Albasa nake ɗauka daga kasuwar Mile 12
in sauke ta Aja kafin rana ta yi tsakiya.

Ran Talata na leƙa ƙarƙashinta,
na ga tulun baya yana dalala
kamar jinjiri mai fitar haƙori.
Na ce: bari in ƙara mata mai, mu gama sati lafiya.

A ƙarƙashin gadar Ojota
wani yaro ya jera mai a gorunan ruwa.
Na tambayi man giya, mai kauri,
mai warin nan da ke bin mutum har gida.
Ya ce babu, amma ga wani ja,
ya ɗaga shi a rana, yana ƙyalli kamar zoɓo.
"Oga, mai duk mai ne."
Ya rage mini dubu biyu.
Dubu biyu! Na ji daɗi har da dariya.

Ni na kwanta a kwali, ni na kwance noti,
ni na ɗura da mazurari,
ba wanda ya riƙe mini hannu.

Kwana uku ba ta ce uffan ba.
Na huɗu, muna kan doguwar gada,
ruwa hagu, ruwa dama,
sai na ji rina ta shigo mota
tana zumm daga can baya.
Na ƙara wa rediyo murya.
Yaron mota, Ɗanliti, ya ce, "Maigida, ka ji?"
Na ce, "Iska ce. Ci gyaɗarka."

Rina ta zama kare mai kuka da dare,
kare ya zama injin markaɗe.
A gangaren Adeniji ƙafar baya ta ƙage,
buhu arba'in suka yi sujada gaba ɗaya.
Legas ba ta jiran kowa:
danfo na oda, ɗan acaba na zagi,
wata mai burodi ta tsince albasa biyu ta wuce,
ma'aikacin hanya ya iso da littafinsa
tun kafin in gama salati.

Baba Rasaki na Agege bai yi faɗa ba.
Ya kwance notin, ya tara kwano,
ya tsoma yatsa, ya shinshina, ya murza.
Garin ƙarfe na walƙiya a yatsan
kamar kwallin da mata ke sawa ran suna.
Da Hausarsa ta zaman gareji ya ce,
"Malam, motarka ya sha sobo."
Yaransa suka juya baya suna dariya.

Ya buɗe tulun, ya nuna mini da sifana:
haƙoran giya sun yi shuɗi don zafi,
wasu sun zube, wasu sun lanƙwashe,
bakin kakana Maikano sak, ran da ya daina cin goro.
Can ciki, inda ido ba ya zuwa,
ƙarfe ke cizon ƙarfe da nauyin duk abin da na ɗora,
ba abin da ke raba su sai ɗan maiƙon nan,
ni kuwa na aika musu ruwa su yi sulhu.

Washegari na taka Ladipo da ƙafata,
na yi ciniki da Okwudili kan aksul ɗan kwatano.
Ya faɗi kuɗi, na nemi wurin zama.
Kuɗin hayar ɗaki ya tafi, adashin Ladiyo ya bi shi,
mai albasa kuma ya daina ɗaga mini waya.

Dubu biyun nan na tuna inda na kai su:
tsire na ci a Ketu,
har na ce a ƙara mini yaji.

Yanzu in an buɗe sabon galan
sai na kai hanci tukuna.
In bai yi ɗoyi ba, ba na so.
Jiya na wuce Ojota a hankali,
yaron na nan, gorunansa jere,
ya ɗaga mini hannu.
Na ɗaga masa.