Zaɓi Ɗaya Cikin Biyar

Yarinyar hukuma ta shigo lungunmu da takarda:
"Kun gamsu da Jakarta? Daga ɗaya zuwa biyar."

Darmaji mai haya da babur ya ce,
"Rubuta: ɗiyata ta fitar da haƙori
ina tsaye a danja.
Barci nake barinta, barci nake tarar da ita."

Tsohuwa Sukarsih ba ta ɗago ba,
tana juya shinkafa a kasko.
"Haraji ya san ƙofata ko cikin duhu,
motar shara ce kullum baƙuwa.
Ledar da na yar ranar Talata
kogin Ciliwung ya maido mini har gado.
Shi dai ba ya riƙe bashi."

Wani ya yabi sabon jirgin ƙasa,
sanyi, tsaf kamar asibiti.
Ba ya dai biyowa ta nan.

Ni aka tambaya ƙarshe.
Na dubi shatin ambaliya a bango,
na bana ya ɗara na bara da taƙi,
na dubi mangwaron mahaifina, ya yi fure.
Na ce, "Uku."

Ta rubuta. Ta tuɓe takalmi
don tsallake kwata.
Gidansu, in ji ta, awa biyu ne.