Wayar Goggo Dudu

Ƙarfe tara na dare a Jekadafari,
janareta na tari kamar tsohon mashayin taba.
Daga ni sai kwamfuta, sai hoton da na ɗauko
can ƙasan Dadin Kowa,
inda ruwa ya kwana a ɗakunan mutane ba sallama.

Ga Goggo Dudu, ruwa har gwiwa,
tabarma a ka, zani ya jiƙe ya manne,
rumbu a bayanta ya durƙusa kamar raƙumi.
A hannun dama, waya. Babba, sabuwa dal.
Kuma dariya take yi.

Oga Manu ya leƙo ta kafaɗata yana tauna goro:
"Cire wayar nan.
Wa zai tausaya wa mai irin wannan?
Rufe mata baki, ƙara wa sama duhu,
ruwan ma ɗaga shi ya kai ƙugu.
Ai ba ƙarya ba ce, an yi ambaliyar."

Na iya, kada a ce ban iya ba.
Na sha goge ƙurajen ango,
na mayar wa wani attajiri haƙorin gaba,
na tsayar da yaro gaban jirgin sama
alhali ko Kwadon bai taɓa wucewa ba.
Aikin yatsa ɗaya ne:
ka ɗebo fata daga nan, ka shafa can,
waya ta ɓace,
tafin hannu ya zauna wayam kamar na mai roƙo.

Na yi. Minti huɗu.
Sai ga wata mata tana kallona, ban san ta ba.
Ba ita ce ta ce mini "ɗan nan, akwai rami a gabanka" ba.
Ba ita aka kira a kan idona
aka ce an ga jikarta Yelwa
a makarantar firamare, tana ɓare gyaɗa ba.
Dariyar ke nan.
Ita na share, na bar ruwan.

Babana ya yi shagon hoto a Kumo,
zamanin wanki a ɗakin duhu da jar fitila.
Yakan hure gilashi, ya goge da bakin riga, ya ce:
"Dattin madubi naka ne, share abinka.
Tabon fuska kuwa na mai shi ne."
A lokacin na ɗauka zancen tsafta yake.

Na danna koma-baya.
Ruwa ya janye daga ƙugu,
hadarin da na haɗa ya watse bai zubar da ko ɗigo ba.
Na sake dannawa, haƙoranta suka dawo,
har da giɓin.
Wayar ce ƙarshe.

Haske kawai na ƙara, kaɗan,
don a ga tsagen da ke kumatunta,
na yanke gefen da yatsana ya faɗo.

Oga Manu bai yi faɗa ba.
Ya tura ta shafi na bakwai,
ƙarama kamar kan sarki,
ƙarƙashin tallan maganin basir.
Shafin farko wani ne da almakashi yana yanka ƙyalle,
da taron da ni kaina ban iya rantsuwa a kansa.

Na kashe kwamfuta, sauro ya karɓi aiki.
A kan babur, wajen Tashan Dukku, aljihuna ya yi ƙara.
Ita ce.
Wai in turo mata hoton,
kuma in na sa ta yi muni, Allah ya isa.