Maƙera a Ƙirji

Shekara goma sha ɗaya ina haɗiyar magani bayan isha'i.
Ƙanjamau ta yi likimo a jikina,
har na fara mance sunanta.
Sai ga Dakta Asabe a Shika
ta ɗaga 'yar kwalbar jinina wajen hasken taga,
ta ce, Malam Tanimu, yanzu zuciyarka muke gadi.

Wai a jinin nan akwai ƙarfe, akwai tutiya, akwai tagulla,
kowanne da mudunsa.
In wani ya ja baya, wani ya haura,
jijiya ke biyan bashin a ɓoye.

Na yi dariya.
Ni da nake walda a Muciya,
riga nawa tartsatsi ya ci mini,
ashe da maƙera nake yawo a ƙirji!

Ta rubuta: rage gishiri, bar sigari, dawo bayan wata uku.
A motar Samaru na dafa aljihun gaba
kamar mai tsoron ɓarawo,
ina jin guduma tana sauka,
tana sauka.

Da dare Lubabatu ta kawo miyar zogale, lami.
Na suɗe kwanon.
Ban ce uffan ba.